Balan-balan ko sifirin? Yadda ake haɗa wa babbar mota jakar iskar da ba ta ajiye direba a daji

Yawancin manyan motocin da ake shigo da su Najeriya da Nijar daga Turai, irin su DAF da MAN da Scania da Volvo da Mercedes Actros, a kan iska suke isowa. Wato maimakon ganyayen sifirin na ƙarfe, wasu jakunkunan roba ne cike da iska ke ɗauke da bayan motar, waɗanda a gareji ake kira balan-balan.

Da yawa daga cikin motocin ba sa daɗewa a haka. Wasu ma tun kafin su ɗauki lodin farko an riga an kai su wajen mai walda, an cire jakunkunan an ɗaura sifirin.

Dalilin masu motocin ba ɓoyayye ba ne. Idan ganyen sifirin ya karye, ko a ƙauye za a samu wanda zai ɗaure shi a lallaɓa zuwa gari. Amma idan jaka ta fashe da dare tsakanin Birnin Gwari da Tegina, mota ta zauna a kan aksil, allurar gejin iska na sauka, babu direban da zai so ya kwana a wurin yana jiran a aiko masa da sabuwa daga Kaduna.

Sai dai jakar kanta ba ita ce ta fi kawo matsala ba. Abin da ke kashe wannan tsari a hanyoyinmu shi ne iska mai ruwa da mai, da tiyon da aka haɗa da gaggawa, da tarkacen wayoyin da babu mai iya gyara su a kusa, sai kuma lodin da ya wuce kima. Duk wanda ya magance waɗannan zai iya tafiya a kan iska shekara da shekaru. Wanda kuma ya cire jakunkunan ba tare da lura ba, yana iya taɓa birkin motarsa bai sani ba.

Me ya sa Turawa suka koma kan iska?

Tun a shekarun 1930 kamfanin Firestone na Amurka ya fara ƙera jakar robar da za ta maye gurbin sifirin. A 1953 kamfanin General Motors ya fitar da manyan motocin safa masu tafiya a kan iska, kamfanin sufuri na Greyhound ya saye su da yawa, kuma suka karɓu.

Da aka gwada abin a ƙaramar motar alfarma sai labari ya sha bamban. Cadillac Eldorado Brougham ta 1957 ta fito da jakunkunan iska, amma yoyo ya yi mata yawa. Cikin 'yan shekaru kamfanin ya haƙura, masu motocin da dama kuma suka cire jakunkunan suka sa sifirin. Ke nan abin da makanikanmu ke yi yau, Amurkawa sun riga su yi.

Bambancin shi ne, safa tana da babban kwamfireso da tankunan iska tun asali saboda birki, kuma kullum tana shiga gareji a duba ta. Ƙaramar motar ba ta da wannan gata.

A Turai kuwa doka ce ta ƙara tura abin gaba. Dokar Tarayyar Turai ta 1996 kan nauyin motoci ta ƙayyade tan 11.5 ga aksil mai jan mota, sannan ta bai wa mota mai aksil uku damar ɗaukar jimillar tan 26 maimakon 25 idan aksil ɗin da ke jan ta yana kan iska ko wani tsari mai laushi kamarta. Hujjarsu ita ce iska ba ta dukan kwalta kamar yadda ƙarfe ke yi. Tan guda a kowace tafiya ba ƙaramin kuɗi ba ne, shi ya sa kusan duk kan tirelar da ya yi aiki a titunan Jamus ko Holan ke zuwa mana da balan-balan.

Yadda iska ke ɗaukar tan goma

Lissafin ba shi da wuya. Ƙarfin da jaka ke ɗagawa shi ne matsin iskar da ke cikinta sau faɗin fuskarta.

A ɗauki jakar da faɗin wurin aikinta ya kai santimita 25 daga gefe zuwa gefe. Fuskarta ta kai kusan murabba'in santimita 490. Matsin iska na bar ɗaya yana tura kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Don haka a bar 2 jakar za ta ɗauki kusan tan guda, a bar 6 kuma kusan tan uku. Idan aksil yana da irin wannan jaka huɗu, kamar yadda ake gani a kawunan tirela da dama, an doshi tan 12 ke nan. Ga wanda ya saba da gejin masu faci, bar ɗaya daidai yake da psi 14.5.

Sifirin na ƙarfe taurinsa ɗaya ne, ko da kaya ko babu. Shi ya sa tirelar da ta sauke kaya take tsalle kamar za ta watsar da haƙoran direba. Jakar iska kuwa tana ƙara tauri idan kaya sun ƙaru, ta sassauta idan an sauke, tsayin motar kuma bai canja ba.

Mai kai tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, ko mai dakon ƙwai, ko gilashi, ko firij da talabijin, ya san abin da girgizar fiye da kilomita dubu ke yi wa kaya. Haka shanun da aka loda a Maigatari ko Potiskum suke shan ta a tsaye. Tankar mai ma tana amfana, domin girgiza ce ke tsaga waldar tanki a hankali.

Abin da ake mantawa idan an cire jaka

A nan ne maganar ta wuce ta jin daɗin tafiya.

Babbar mota ba ta kama birkin baya da ƙarfi iri ɗaya a kowane lokaci. Idan babu kaya kuma aka kama da cikakken ƙarfi, tayoyin baya za su kulle, kan tirela ya naɗe da jikinta. Idan da cikakken lodi kuma aka kama da rabin ƙarfi, motar ba za ta tsaya a inda ake so ba. Saboda haka akwai bawul na musamman da ke auna nauyin kaya ya daidaita iskar da ke zuwa birkin baya.

A motar sifirin, bawul ɗin yana gane nauyi ne ta wata sandar da ke nuna yadda shasi ya sauko. A motar iska kuwa, matsin da ke cikin jakunkunan yake karantawa. A sababbin motoci masu birkin lantarki, wata na'ura ce ke auna wannan matsi ta sanar da kwamfutar birki.

To idan aka cire jakunkunan aka toshe tiyon, daga ina birki zai san nauyin da ke bayansa? Sai ya tsaya a kan ma'auni guda, ko da kaya ko babu. Motar za ta ci gaba da tafiya, birki na kamawa, babu wanda zai lura sai ranar da aka taka shi da gaggawa a gangare ko a kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Duk wanda ya yanke shawarar komawa sifirin, wajibi ne ya sauya wannan bawul da irin na motar sifirin, a saita shi daidai. Idan makaniki bai ambaci wannan ba sa'ad da yake faɗin kuɗin aiki, to aikin da ya yi wa kuɗi bai cika ba.

Hanyar iska, daga kwamfireso zuwa jaka

Tsarin da ya fi daɗewa bai lalace ba shi ne wanda ba ya buƙatar waya ko guda. Iska ta fito daga kwamfireson inji, ta bi ta diraya, ta wuce bawul mai kare birki, ta shiga tankinta na kanta, ta je bawul mai daidaita tsayi, daga nan sai jakunkuna. Shi ke nan.

Diraya ita ce wadda aka fi rainawa, alhali ita ce gaba da komai. Duk iskar da aka matse tana fitar da ruwa, kuma da damina, ko a hanyar Kudu, ruwan ya fi yawa. A cikin gwangwanin dirayar akwai ƙananan ƙwayoyi masu tsotse danshi, kuma suna gajiya. Masu ƙera su kan ba da shawarar a sauya gwangwanin kusan duk shekara a motar da ke aiki sosai. A wurinmu sau da yawa wanda motar ta zo da shi daga Turai shi ne a jikinta har ta tsufa.

Gane gajiyarsa ba wuya. A ja zoben da ke ƙasan tankin iska. Idan iska ce kawai ta fito, lafiya lau. Idan ruwa ya biyo, diraya ta gama aiki. Idan kuma wani baƙin abu mai maiƙo ya fito, kwamfireso ne ke turo man inji, kuma sauya gwangwani kaɗai ba zai yi magani ba, domin man zai lalata sabon, ya bi ya kumbura robobin cikin bawul, ya ci jakar daga ciki. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Kwamfireson da ke shaƙar iska ta yagaggen filta, yashi yake niƙawa.

Sai bawul mai kare birki. Babbar doka a wannan aiki ita ce kada jakar iska ta sha daga tankin birki kai tsaye. Motocin Turai suna da bawul mai raba iska gida huɗu, kuma lambobin da ke jikin kafofinsa suna da ma'ana: 21 da 22 na birkin ƙafa ne, 23 na birkin hannu da na tirela, 24 kuma na sauran kayan da ke amfani da iska. Wasu motocin suna da kafa ta daban da aka ware wa jakunkuna. Amfanin bawul ɗin shi ne idan gida ɗaya ya fashe, sai ya rufe shi ya bar sauran da iskarsu. A motocin Amurka irin su Mack, ƙaramin bawul ne ake sa wa a bakin tanki, wanda ke rufewa idan matsi ya sauko wajen psi 65 zuwa 70.

Abin takaici, wannan bawul ne wasu ke ƙetarewa da guntun tiyo idan ya fara wasa, don tanki ya riƙa cika da sauri. Ranar da jaka ta fashe a irin wannan mota, iskar birki za ta bi ta, birkin hannu ya kama kansa a tsakiyar titi.

Bawul mai daidaita tsayi shi ne ƙwaƙwalwar tsarin, kuma aikinsa a bayyane yake. Yana ɗaure a jikin shasi, da hannu guda da aka haɗa da aksil ta wata siririyar sanda. Aka ɗora kaya, shasi ya sauko, hannun ya ɗaga, iska ta shiga jaka har mota ta koma tsayinta. Aka sauke kaya, hannun ya yi ƙasa, iska ta fita. A tsakiya akwai ɗan wurin da ba ya yin komai, don kada ya riƙa ɓarnar iska a kowane rami. Kamfanonin WABCO da Knorr-Bremse da Haldex duk suna yin sa, kuma lambobin jikinsa iri ɗaya ne: 1 mashigar iska, 21 da 22 zuwa jakunkunan hagu da dama, 3 mafita.

Bawul ɗaya ko biyu? Ga yawancin motoci, ɗaya ya wadatar, kuma ya fi sauƙin saiti. Mai kyau yana da ƙaramar maƙura tsakanin hagu da dama, ta yadda idan mota ta shiga kwana iskar ɓangaren da aka danne ba za ta gudu ɗaya ɓangaren nan take ba. Bawul biyu suna da amfani ga motar da kayanta kan karkata gefe guda, amma idan ba a saita su daidai ba sai su yi ta ja-in-ja, wannan na cikawa wancan na saki, shasi na murɗewa.

Abu na ƙarshe da ya cancanci kuɗinsa shi ne geji a kan layin jakunkunan, a kawo shi gaban direba. Tunda matsin jaka yana bin nauyin kaya, gejin ya zama sikeli. A loda mota, a hau sikelin gada sau ɗaya, a yi wa gejin alama. Daga ranar direba zai san nauyin da ke bayansa tun yana kasuwar Dawanau, kafin wani ya faɗa masa a hanya.

Motar da ta zo da kwamfuta fa?

Sababbin motoci ba su da wancan bawul mai hannu. Suna da tsarin lantarki irin ECAS na WABCO: na'urar auna tsayi, da bawul masu aiki da wuta, da kwamfuta, da rimot da direba ke ɗaga bayan mota ko ya sauke shi wajen haɗa tirela.

Idan yana aiki, babu dalilin taɓa shi. Yawancin laifinsa ba ya wuce wayar da ta goge, ko soket da ruwa ya shiga, ko sandar na'urar auna tsayi da ta balle. Matsalar ita ce bayan sauya na'urar sai an sake saita tsayin da kwamfutar gwaji, kuma ba kowane gari ake samun mai ita ba.

Ga tsohuwar motar da wayoyinta suka riga suka zama gidan ɓera, mayar da ita kan bawul mai hannu ya fi cire jakunkunan hankali nesa ba kusa ba, kuma ya fi arha. Ana iya ƙara bawul na ɗagawa da saukewa irin wanda ke jikin tireloli. Sharaɗi ɗaya ne: a tabbatar birki yana ci gaba da samun labarin nauyin kaya.

Jaka ba ta riƙe aksil

Wanda zai ɗora jaka a motar da asalinta ta sifirin ce ya kamata ya san wani abu. Ganyen sifirin ayyuka da yawa yake yi a lokaci guda. Yana ɗaukar nauyi, yana riƙe aksil kada ya yi gaba ko baya ko gefe, kuma gogayyar ganyayensa tana rage lilo. Jakar iska ɗaukar nauyi kawai ta iya.

Don haka dole a samu hannuwan ƙarfe masu riƙe aksil ta tsawo, da sandar da ke hana shi zamewa gefe, da bushin masu lafiya. Shakazoba kuma ba ado ba ce a nan. Idan babu ita motar za ta yi ta lilo kamar kwalekwale, kuma a tsari da yawa ita ce ke hana aksil zubowa ƙasa har ya yage jakar idan taya ta faɗa rami. Jakar da ta tsage daga wuyanta na sama, a fara tuhumar shakazoba.

Hanya mafi aminci ita ce a sayi cikakken saiti daga motar da aka yanka, da hannuwansa da maɗauransa, a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, maimakon a ƙera maɗauri da ido. Jakunkunan kuwa a sayi sababbi. Roba tana tsufa ko ba a yi aiki da ita ba, kuma tsohuwar jakar da aka goge da mai ta yi ƙyalli, tsagar da ke cikin naɗinta tana nan.

Wajen ɗaurawa, ba a huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa, ba a kuma yi masa walda. A bangon tsakiya ake huda, a ɗaure da kusoshi masu lambar 10.9 a kansu. Shasin da aka ƙona da walda a daidai inda nauyi ke sauka, nan zai fara tsagewa.

Tsayin tafiya kuma ba abin zaɓi ba ne. Kowace jaka tana da tsayin da aka ƙera ta ta yi aiki a kai. Wasu direbobi kan ƙara tsawon sandar bawul don mota ta ɗaga ta tsere wa ramuka. Abin da ke biyo baya shi ne kusurwar farfela ta canja, kuros ya fara ci, girgiza ta shigo gida, shakazoba ta riƙa kaiwa ƙarshenta. Idan aka yi ƙasa da yawa kuma, jaka ta riƙa dukan robar da ke cikinta.

Tiyo da mahaɗa

Mafi yawan yoyo a nan yake, kuma nan ne aka fi yin araha.

Tiyon da ya dace shi ne na nailan da aka yi don birkin iska. Ana gane shi da rubutun da ke jikinsa, SAE J844 a na Amurka, DIN 74324 a na Turai. Tiyon ruwa ko na janareta ba ya jure zafi da matsi. A yanka shi a miƙe da kaifin reza, domin bakin da filaya ta matse ba ya zama daidai a cikin mahaɗi. A nesanta shi da salansa da aƙalla santimita 15, a ɗaure shi duk inda zai iya goga da ƙarfe, a bar masa ɗan sako-sako a inda aksil ke hawa da sauka.

Akwai kuma tarkon zare. Bawul ɗin Turai zarensa na mita ne, kamar M16 da M22, kuma roba ko wosha ke toshe shi. Na Amurka zarensa mai tsukewa ne. Suna kama da juna har mutum ya fara ɗaurawa, zagaye biyu ya cije, a ƙara ƙarfi, gidan bawul ya tsage. Farin tef ɗin masu famfo ma a yi hankali da shi, guntunsa ɗaya idan ya shige ciki ya isa ya hana bawul rufewa.

Bayan an gama, a cika tankuna, a kashe inji, a bi kowane mahaɗi da ruwan sabulu. Ma'aunin da ake koya wa direbobin manyan motoci a Amurka shi ne, idan inji na kashe kuma ba a taka birki ba, kada iska ta ragu fiye da psi 2 a minti ɗaya a mota guda, ko psi 3 idan da tirela. Gwajin da ya fi wannan sauƙi shi ne a auna tsayin mota da yamma, a sake aunawa da safe.

Kuma kada kowa ya shiga tsakanin taya da shasi alhali iska ce kawai ke riƙe da motar. Taɓa hannun bawul kaɗan ya isa ya sauko da ita a kan mutum. A kafa mata ƙarfe ko katako mai kauri tukuna.

Masu Hilux da a-kori-kura

Ƙananan motocin ɗaukar kaya ba su da kwamfireson iska, amma su ne ma suka fi sauƙin aiki, domin ba a cire sifirin. Ana ƙara jaka biyu ne tsakanin shasi da aksil su taimaka masa. Kamfanin Air Lift na jihar Michigan yana wannan sana'a tun 1949, Firestone ma yana da nasa.

Mafi sauƙin haɗi shi ne kowace jaka da tiyonta, kowane tiyo ya ƙare da bakin bawul irin na taya a kusa da lambar mota. Za a loda kaya, a tsaya wajen mai faci ya ƙara iska har bayan motar ya daidaita. An sauke, a rage. Babu waya, babu abin da zai ƙone. Kada a haɗa tiyon biyu su zama ɗaya don sauƙin busawa, domin a kwana iska za ta gudu daga gefen da ake buƙatarta.

Irin waɗannan jakunkuna kan yi aiki ne tsakanin psi 5 da 100. Ko babu kaya a bar musu wannan biyar ɗin, don kada su naɗe su goge. A kuma bar tazarar da ta haura santimita ɗaya tsakanin jaka da duk wani ƙarfe da ke kewaye da ita. Mai son busawa daga cikin mota zai iya ƙara ƙaramin kwamfireso na batir, da fis da rile, a ɗaura shi inda ruwa da ƙura ba sa kai wa. Amma kowane abu da aka ƙara, wurin lalacewa ne aka ƙara.

Akwai gargaɗi daga Ostareliya, inda ake yawan sa wa irin waɗannan motoci jaka. An sha ganin shasin ya lanƙwashe a bayan gidan direba. Sifirin yana raba nauyi ne a wurare biyu masu nisa da juna a jikin shasi, jaka kuma a wuri ɗaya take tokarewa. Idan aka cika ta da iska, aka kuma tara kaya a can ƙarshen bodi, shasin sai ya zama kamar sandar da aka ɗora a gwiwa.

Lodi

Wannan ya kawo mu ga abin da babu bawul ɗin da zai gyara. Jakar iska tana daidaita mota, amma ba ta ƙara wa aksil ko taya ko birki ƙarfi. Haɗarinta ma shi ne tana ɓoye obalodi. Sifirin idan ya ji jiki yakan kwanta kowa ya gani. Motar iska kuwa za ta tsaya cak a tsayinta, har sai matsin da jaka ke nema ya wuce wanda tanki ke iya bayarwa, daga nan ta zauna.

Gwajin titi da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin aksil ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninka kusan 16. A wannan lissafi, aksil ɗin da aka ɗora wa tan 16 maimakon 11.5 yana cin titi kusan ninki huɗu. Irin wannan ne ya sa ƙasashen UEMOA, ciki har da Nijar, suka kafa doka mai lamba 14 a 2005 don ƙayyade nauyin kowane aksil.

Gaskiya ita ce ba kowace mota ce iska ta dace da ita ba. Tifar da ke shiga kwari ɗibar yashi ko dutse, sifirin mai kauri irin na Howo ya fi mata. Wanda kuma ya san tan 45 zai riƙa ɗora wa motar tan 30, jaka ba za ta yi masa biyayya ba. Idan kuma tifa tana kan iska, a saki iskar kafin a ɗaga bodi, don motar ta zauna daram kada ta kife.

Amma ga kan tirela da tanka da motar kayan gwari masu bin kwalta da lodin ƙa'ida, abin da ake buƙata a akwatin kayan aiki bai taka kara ya karya ba: jaka guda sabuwa, mita biyu na tiyo, mahaɗai kaɗan, sandar bawul da robobinta, da abin toshe layi. Sauya jaka aikin jak ne da sifana, yaron mota ma zai iya koyo.

Idan kuma ta fashe babu wata a mota, ba dole ne a kwana a wurin ba. A cire sandar bawul daga aksil, a danna hannun ƙasa har iskar sauran jakunkunan ta fita, a ɗaure shi a haka. Motar za ta zauna a kan robobin tokare da aka tanada don irin wannan rana, bawul mai kare birki ya riƙe iskarsa. Daga nan sai a duba geji a tabbatar allurar birki ta tsaya, a duba ko taya ba ta goga bodi, a ja a hankali zuwa gari mafi kusa.